Ƙauyen Eyam Na Ƙasar Ingila: Tarihinsa Da Yadda Mutanensa Suka Adana Shi

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyar tsofaffin ɗalibai





Kwamitin shirya wannan taro ya umurce ni da in yi magana a kan tarihi da abin gado, ya kuma bar mini zaɓin misalin da zan kawo. To, ni dai na zaɓi wani ɗan ƙauye da ke tsakiyar ƙasar Ingila mai suna Eyam, wanda mazaunansa ba su cika mutum 1,000 ba. Na san wani zai ce me ya haɗa kifi da kaska, ga biranenmu masu ganuwa da dogon tarihi. Dalilina guda ɗaya ne. Wannan ƙauye ya gamu da annoba sama da shekara 350 da suka wuce, amma har yau mutanensa suna iya faɗa maka sunan kowane mutum da ya mutu, da ranar da aka binne shi, wasu ma har da gidan da suka zauna. Yadda aka yi hakan ta yiwu shi ne abin da nake so mu duba tare, sannan mu waiwayo gida mu tambayi kanmu.

Ina Ne Eyam?

Ana rubuta sunan Eyam, amma mutanen wurin "Iim" suke furtawa. Ƙauyen yana cikin lardin Derbyshire, a yankin tuddai da ake kira Peak District, wanda a shekarar 1951 ya zama gandun ƙasa na farko da Birtaniya ta keɓe. Birni mafi kusa da shi shi ne Sheffield, tazarar kamar kilomita 20. Ƙasa ce ta duwatsu da sanyi, noman hatsi ba ya yin albarka sosai, saboda haka tun da can mutanen sun dogara ne a kan kiwon tumaki da haƙar darma. An daɗe ana haƙar darma a wannan yanki, tun zamanin da Rumawa ke mulkin Birtaniya, kuma sana'ar ba ta mutu ba sai wajen ƙarshen ƙarni na 19.

Sunan ƙauyen ya fito a rubuce tun shekarar 1086, cikin littafin Domesday, wato kundin ƙidayar filaye da dukiya da Sarki William ya sa aka yi domin ya san harajin da zai samu daga ƙasar da ya ci da yaƙi. A can an rubuta sunan da "Aiune". A harabar cocin ƙauyen, wanda ake kira cocin Saint Lawrence, akwai wani gicciye na dutse mai zane-zane da ya haura shekara 1,000, tun zamanin Angulo-Sakson. A jikin bangon cocin kuma akwai agogon rana na shekarar 1775, wanda ke nuna lokaci da inuwa, an kuma zana sunayen wasu biranen duniya a kansa, har da Makka da Ƙudus. Bugu da ƙari, tun 1588 mutanen ƙauyen suka jawo ruwan marmaro zuwa kwamayen dutse da suka jera a bakin hanya, abin da ya sa ake lissafa Eyam cikin wuraren farko a Ingila da aka shirya wa jama'a ruwan sha na bai-ɗaya.

Mece Ce Farish?

Kafin mu shiga labarin annoba, ya kamata in ɗan yi bayanin wata kalma, domin ita ce ginshiƙin maganar. Turawan Ingila sun raba ƙasarsu gunduma-gunduma tun da daɗewa, kowace gunduma tana da coci guda da limami guda, ita ce suke kira farish. Aikin wannan gunduma ya wuce ibada. A 1555 aka ɗora mata gyaran hanyoyi, a 1601 kuma aka ɗora mata kula da matalauta da marayu, tana karɓar kuɗi daga masu hali tana ciyar da marasa shi. Sai a 1894 aka raba aikin mulki da na coci, aka kafa majalisun farish waɗanda jama'a ke zaɓa. Akwai irin waɗannan gundumomi kimanin 10,000 a Ingila, kuma su ne matakin mulki mafi kusa da talaka.

Amma aikin da ya fi shafar mu a yau shi ne na rubutu. A shekarar 1538, zamanin Sarki Henry na Takwas, babban wazirinsa Thomas Cromwell ya ba da umurni cewa kowace farish ta ajiye littafin rajista, a riƙa rubuta sunan duk wanda aka yi wa baftisma, da duk wanda aka ɗaura wa aure, da duk wanda aka binne. A ƙarshen wannan ƙarni aka ƙara da cewa a riƙa rubutawa a kan fata maimakon takarda domin ta fi ƙarko, a kuma riƙa aika kwafi wurin bishof duk shekara, saboda ko da littafin ƙauye ya ƙone ko ya ɓace, a samu madadinsa. Rajistar Eyam da ke hannu ta fara ne daga 1630. Gwamnati da kanta ba ta fara rajistar haihuwa da mutuwa ba sai 1837, wato kusan shekara 300 limaman ƙauyuka ne suka riƙe wannan aiki.

Shigowar Annoba

A shekarar 1665 annoba ta faɗa wa birnin Landan, ta kashe kimanin mutum 100,000, wato kusan rubu'in mutanen birnin. Ita ce cutar da Larabawa ke kira ɗa'un. Alamarta zazzaɓi mai zafi da kaluluwa a hammata ko a matsematsi ko a wuya, kuma sau da yawa cikin 'yan kwanaki mutum yake cikawa. A wancan zamani babu wanda ya san musabbabinta, wasu suna cewa gurɓatacciyar iska ce, wasu suna cewa fushin Ubangiji ne. Sai a 1894 wani likita mai suna Alexandre Yersin ya gano ƙwayar cutar a Hong Kong, a 1898 kuma Paul-Louis Simond ya nuna cewa ƙuma ce ke ɗauko ta daga jikin ɓera.

Eyam tana da nisa ƙwarai da Landan, tafiyar kwanaki ce a wancan lokaci. Labarin da aka gada shi ne, a ƙarshen bazarar 1665 an aiko wa telan ƙauyen, Alexander Hadfield, ƙunshin yadi daga Landan. Yaron shagonsa, George Viccars, ya buɗe ƙunshin ya tarar yadin ya yi danshi, sai ya shanya shi kusa da murhu. Ana kyautata zaton ƙuma ce ke cikin yadin. Abin da rajista ta tabbatar shi ne an binne Viccars ranar 7 ga Satumba, 1665. Bayan mako biyu wani ƙaramin yaro na wannan gida, Edward Cooper, ya bi shi, sai maƙwabcinsu Peter Hawksworth. Daga Satumba zuwa Disamba mutum 42 suka mutu. Da sanyin hunturu ya shigo sai abin ya lafa, har a watan Mayu na 1666 mutane suka fara zaton an rabu da Bukar. Ashe da sauran rina a kaba, domin da zafi ya dawo a watan Yuni sai cutar ta taso da ƙarfin da ya fi na farko. Wasu masu hali tuni sun kwashe iyalinsu sun bar gari, saura kuma suka fara shirin bin sawunsu.

Shawarar Limamai Biyu

A nan ne labarin ya ɗauki wani salo. Ƙauyen yana da limamai biyu a lokacin, kuma ba sa ga maciji a kan aƙida. Ingila ba ta daɗe da fitowa daga yaƙin basasa ba, wanda a cikinsa aka kashe Sarki Charles na Ɗaya a 1649. Thomas Stanley ya zama limamin Eyam a 1644, yana cikin masu tsattsauran ra'ayin gyara addini da ake kira Furitan. Da sarauta ta dawo a 1660 aka sauke shi, a 1662 kuma aka yi dokar da ta tilasta wa kowane limami bin littafin addu'a na cocin gwamnati, limamai kimanin 2,000 suka ƙi, aka kore su, har da Stanley. Shi kuwa William Mompesson, mutumin cocin gwamnati, ya zo Eyam a 1664, saurayi ne da bai kai shekara 30 ba, baƙo ne a garin. Muƙami yana hannun Mompesson, amma zukatan mutane da yawa suna wurin Stanley.

Waɗannan mutane biyu suka ajiye saɓaninsu suka haɗa kai, domin kowannensu ya san shi kaɗai ba zai iya ba. A watan Yuni na 1666 suka tara jama'a aka tsai da shawara uku. Ta farko, kowane gida ya binne mamacinsa da kansa, kusa da gida ko a gona, a daina taron jana'iza a maƙabartar coci. Ta biyu, a rufe coci, a koma yin ibada a fili, a wani kwari da ake kira Cucklet Delf, kowane iyali ya tsaya nesa da ɗan'uwansa. Ta uku, wadda ta fi kowacce nauyi, a shata iyaka kewaye da ƙauyen, babu mai fita, babu mai shiga, har sai cutar ta wuce.

Mu Musulmi da ke nan wannan hukunci ba baƙo ba ne a wurinmu. Hadisi ingantacce ya hana shiga garin da annoba ta ɓulla, ya kuma hana wanda ke ciki ya fita domin gudu. Mun san Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba, kuma a annobar Amwas ta shekara ta 18 bayan Hijira ne Abu Ubaida ɗan Jarrah da Mu'azu ɗan Jabal suka rasu. Amma sanin hukunci daban, zama a cikin gida ana fitar da gawar maƙwabci kullum kuma daban.

Garin da aka killace dole a ciyar da shi. Basaraken yankin, mai sarautar Devonshire da ke zaune a gidan Chatsworth, ya ɗauki nauyin aiko da abinci da magunguna. Mutanen ƙauyukan da ke kewaye su ma suna kawo kaya su ajiye a bakin iyaka su koma, sannan mutanen Eyam su zo su ɗauka. A kan hanyar Stoney Middleton akwai wani dutse da aka huda ramuka shida a kansa, ana zuba ruwan khal a ciki, a saka kuɗin kaya, bisa imanin cewa tsamin yana kashe cutar. A arewacin ƙauyen kuma akwai wata rijiya da ake irin wannan musaya, wadda yanzu ake kira da sunan Mompesson. Dutsen da rijiyar duk suna nan har gobe.

Watan Agusta Na 1666

Jama'a, alƙawari ɗaukarsa da sauƙi, cika shi ne aiki. A watan Agusta kaɗai mutum sama da 70 suka mutu a wannan ɗan ƙauye. Wata mata mai suna Elizabeth Hancock, da ke zaune a wata gona a gefen gari, ta binne mijinta da 'ya'yanta shida cikin kwana takwas, daga 3 zuwa 10 ga wata. Tun da an hana taron jana'iza, ita ce ta ɗauki wannan aiki. Kaburburan suna nan a tsakiyar fili, an kewaye su da katangar dutse, ana kiransu kaburburan Riley. Matar tela, Mary Hadfield, wadda a gidanta cutar ta fara, ta rayu, amma ta rasa dangi 13. Wani mahaƙin darma mai suna Marshall Howe ya kamu ya warke, sai ya zama shi ke haƙa kabari ga gidajen da ba su da sauran mai haƙawa.

Shi kansa Mompesson bai tsira ba. Shi da matarsa Catherine sun tura 'ya'yansu biyu wajen gari tun kafin a rufe iyaka, ita kuwa ta ƙi tafiya, ta zauna tana taya shi duba marasa lafiya. A ƙarshen watan Agusta ta kamu ta mutu tana da shekara 27, kabarinta yana harabar coci. Mutum na ƙarshe da cutar ta kashe shi ne Abraham Morten, ranar 1 ga Nuwamba, 1666, wato wata 14 bayan binne Viccars. Daga nan aka shiga ƙona tufafi da shimfiɗu, Mompesson ya fara da nasa domin mutane su yarda. A wata wasiƙa da ya rubuta a wannan wata ya ce cutar ta shiga gida 76, ta kashe mutum 259. Adadin da aka fi ambata a yau shi ne 260. Bayan 'yan shekaru ya koma wani ƙauye mai suna Eakring, inda ya zauna har mutuwarsa a 1709. Stanley kuwa a Eyam ya mutu a 1670.

Abin Da Rubutu Ya Gyara

To, a nan nake so ƙannenmu ɗalibai su saurara da kyau. Labari mai daɗi irin wannan ba ya rasa gishiri. A 1842 wani ɗan ƙauyen mai suna William Wood ya wallafa tarihin Eyam, ya tattara abin da tsofaffi suka ji daga kakanninsu. Littafinsa ne ya yaɗa sunan ƙauyen, kuma daga irin wannan ruwaya aka samu cewa mutanen garin 350 ne, 83 kacal suka rage. Daga nan ma aka samu labarin wata budurwa Emmott Sydall da saurayinta Rowland Torre na Stoney Middleton, waɗanda aka ce suna hangen juna daga nesa a kwari har ranar da ta daina zuwa. Sunan Emmott yana cikin rajista, an binne ta a Afrilun 1666, amma zancen soyayyar ruwaya ce ta baka.

Da masana suka koma kan takardu sai lissafi ya canza. A wancan zamani akwai harajin murhu, wanda aka fara a 1662, sule biyu a shekara a kan kowane murhu da ke gida. Kamar yadda mai karɓar jangali ke ƙirga shanu, haka jami'in wannan haraji ke bi gida-gida yana ƙirga murhu yana rubuta sunan maigida. Da aka haɗa takardar harajin 1664 da rajistar coci, aka iya sake tsara gidajen ƙauyen ɗaya bayan ɗaya. A 2016 wasu masana biyu, Lilith Whittles da Xavier Didelot, suka yi amfani da wannan aiki, suka nuna cewa mutanen farish ɗin sun kai kimanin 700, kuma waɗanda suka mutu kamar kashi 37 cikin 100 ne. Lissafinsu ya kuma nuna cewa kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda suka kamu daga mutum suka ɗauka, kashi ɗaya ne daga ɓera, kuma gidajen talakawa sun fi na masu hali shan wuya. Ku duba fa, takardar da aka rubuta domin karɓar sule biyu ita ce ta zo ta amfani ilimin likitanci bayan shekara 350.

Haka nan a 2006 wani masanin tarihi, Patrick Wallis, ya bi diddigin yadda labarin ya riƙa girma daga ƙarni zuwa ƙarni. Ya nuna cewa shaidun da aka rubuta a lokacin annobar kaɗan ne, kuma yawancin abin da ake faɗa an tsara shi ne a ƙarni na 18 da na 19. Killace garin da annoba ta shiga abu ne da hukumomi suka saba tilastawa a Ingila ta wancan lokaci, saboda haka akwai muhawara a kan ko sadaukarwa ce zalla, ko kuwa har da rashin mafita, musamman ga talakan da ba shi da inda za a karɓe shi. Har a kan wanda ya cancanci yabo an yi saɓani, marubutan cocin gwamnati suna ɗaga Mompesson, mabiya Stanley suna cewa nasu ne ya yi aikin. A ganina wannan bincike bai rage wa mutanen Eyam daraja ba. Mutum 260 sun mutu, sauran sun zauna sun yi jinyarsu sun binne su, wannan kam babu mai musu. Abin lura shi ne, da babu rajista, da babu ma'aunin da za a rarrabe tsaba da tsakuwa.

Yadda Suke Riƙe Gadonsu

Na samu damar ziyartar ƙauyen lokacin da wurin aikina ya tura ni wani gajeren kwas a Ingila, kuma abin da na gani ba wani abin tsada ba ne. A ƙofar gidajen da annoba ta shiga an kafa ƙananan alluna, an rubuta sunayen waɗanda suka mutu a gidan da ranakun mutuwarsu, alhali mutane suna zaune a cikin gidajen suna harkokinsu. A cikin coci akwai littafi mai ɗauke da sunayen mamatan, da wata taga ta gilashi mai launi da aka saka a 1985 wadda ke nuna labarin. A 1994 aka buɗe gidan tarihi na ƙauyen, kuma mutanen gari ne suka kafa shi suke kuma hidimarsa, a saman rufinsa an ɗora siffar ɓera mai nuna inda iska ke kaɗawa. Babban gidan ƙauyen, Eyam Hall, wanda iyalin Wright suka gina 'yan shekaru bayan annobar, yana nan tsaye. Rajistar kanta wani limami da ya zo daga baya ya sake kwafe ta, kuma a 1993 aka buga kashin 1630 zuwa 1700 a littafi domin kowa ya iya karantawa.

Ranar Lahadin ƙarshe ta watan Agusta kowace shekara jama'a suna fita zuwa Cucklet Delf su yi ibadar tunawa a inda kakanninsu suka tsaya, al'adar da ta samo asali daga bikin cika shekara 200 a 1866. A wannan rana ake ajiye jajayen furanni a kan kabarin Catherine Mompesson. A wannan lokaci ne kuma suke ƙawata rijiyoyinsu, al'adar Derbyshire ce, inda ake shafe allo da yumɓu a manna furanni da 'ya'yan itatuwa har su fitar da hoto. Darma ta ƙare, amma baƙi da 'yan makaranta suna ta zuwa, masu shaguna da masauki suna samun abinci. Da cutar korona ta rufe duniya a 2020, 'yan jarida daga ƙasashe da dama sun koma kan labarin Eyam suna neman darasi.

Mu Fa?

Ranka ya daɗe shugaban taro, yanzu bari mu dawo gida. A shekarar 1996 sanƙarau ya ratsa arewacin ƙasar nan, mutum sama da 100,000 suka kamu, sama da 11,000 suka rasu. Manyanmu da ke zaune a nan sun ga wannan shekara da idonsu, wasu sun yi jinya, wasu sun yi rashi. Tambayata ita ce, a ƙauyukanmu da unguwanninmu, wa ke da jerin sunayen waɗanda suka tafi? Adadin yana cikin rahoto, amma sunayen suna cikin kan iyayensu mata, kuma su ma kullum raguwa suke yi.

Ba za mu ce rubutu baƙonmu ne ba. Kakanninmu sun yi rubutu da Larabci da ajami ɗaruruwan shekaru kafin zuwan Bature, an rubuta tarihin sarakunan Kano, kuma malamai da yawa suna rubuta ranar haihuwar 'ya'yansu a gefen littattafansu. A Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna akwai rahotannin gundumomi na zamanin Turawa, ga kuma Gidan Arewa da aka kafa a 1970. Abin da ya rage mana shi ne tarihin talaka da na ƙaramin gari, wato wa ya sari wannan unguwa, yaushe aka haƙa rijiyar kasuwa, wace shekara aka yi yunwa, su wa suka yi ƙaura. Mu ma'aikatan gwamnati mun san makomar fayil idan ya tsufa: a ɗaure shi a jefa sito, gara da yoyon damina su raba shi.

Saboda haka ina roƙon ƙungiya ta duba shawarwari huɗu. Na ɗaya, mu fara da makarantarmu, a nemo rajistar ɗaukar ɗalibai tun daga rukunin farko, da littafin tarihin makaranta da na baƙi, da tsofaffin hotuna, a ɗauki hotonsu a saka a kwamfuta, a ajiye kwafi a wuri biyu ko uku kamar yadda limaman Ingila ke aika kwafi wurin bishof. Na biyu, a buɗe littafi na musamman na malamai da ɗaliban da suka riga mu gidan gaskiya, da shekarar shigowarsu da ta rasuwarsu, a riƙa karanta sababbin sunaye a wannan taro ana yi musu addu'a. Na uku, kowane ɗayanmu idan ya je gida hutun salla, ya zauna da tsoho ɗaya ko tsohuwa ɗaya, ya ɗauki muryarsu da wayar da ke aljihunsa, ya rubuta sunan mai magana da ranar da aka yi hirar, ya kuma bambanta abin da tsohon ya gani da abin da ya ji. Na huɗu, ƙungiya ta sa 'yar kyauta duk shekara ga ɗalibin da ya fi rubuta tarihin garinsu, a buga shi a wannan mujalla tamu. Duk cikin waɗannan babu wanda ke buƙatar kwangila ko jiran gwamnati.

Kammalawa

Limamin da ya rubuta sunan George Viccars ranar 7 ga Satumba, 1665, aikinsa na yau da kullum yake yi, bai san cewa wata rana za a ambaci wannan layi a wani taro a ƙasar Hausa ba. Haka mai karɓar harajin murhu. Irin wannan ƙaramin aiki, idan aka dawwama a kansa aka kuma tsare takardar, shi ne yake zama abin gado. Hausawa sun ce da sannu ƙwai kan yi ƙafa, kuma da yayyafi kogi kan cika. Idan muka fara bana, ɗaliban da za su zauna a waɗannan kujeru nan da shekara 50 za su san waɗanda suka gabace su.

 Allah Ya jiƙan malamanmu da 'yan'uwanmu da suka rasu, Ya kare mu daga annoba, Ya ɗaukaka wannan makaranta, Ya kuma mai da kowa gidansa lafiya.